Lissafin asusun jinyar Yaya

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum. Da sunan Allah na buɗe wannan lissafi, kuma da izinin mai ciwon. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, ita ta kawo ni Legas. Mutanen layinmu a Agege sun san ta, don shekara goma sha ɗaya ke nan tana suyar waina da safe a ƙofar gida. Ranar Alhamis sakamakon naman da aka ɗiba a ƙirjinta ya fito: sankarar mama ce, mataki na uku, ta kama kaluluwar hammata. Hoton ƙirji da na ciki sun nuna ba ta kai huhu ko hanta ba, likita ya ce wannan abin godiya ne, domin har yanzu maganar warkewa ake yi.

Tun kafin babbar sallar bara ta ji ƙullutun, ta ɓoye saboda kunya. Da ta faɗa, wani ƙaramin asibitin kuɗi ya ce maruru ne, ya yi ta ɗora ta a kan ƙwayoyi. Daga nan aka shiga jiƙo da shafe-shafe, saboda maganar da muka taso muna ji cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Ni ma na yarda da maganar nan, kuma ita ta cinye mana kusan wata takwas. Na rubuta wannan ne don wata 'yar uwa da ke ɓoye nata yanzu haka.

Gwaje-gwaje kaɗai sun ci N540,000. An sayar da firizarta da 'yan kunnenta na gwal, ni kuma na ƙarar da jarin POS ɗina. Maigidanta acaɓa yake yi a Ikeja har aka hana babura a can a watan Yunin 2022, yanzu gadin dare yake yi, albashinsa ko N85,000 ɗin da gwamnatin Legas ta tsayar wa ƙananan ma'aikatanta bai kai ba. 'Ya'yansu huɗu.

Tsarin likitoci shi ne kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake bayarwa ta jijiya, sau takwas, tsakanin kowanne kwana 21, sannan tiyata, sannan gashi, wato gasa wajen ciwon da hasken na'ura. Mun zauna da takardun farashi mun buga, ya kama kusan naira miliyan biyar. Da na faɗa wa Yaya za mu nemi taimakon jama'a, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce: "Auta, na yarda, amma kada ka yawata da hotona a waya, kada kuma ka kira sunana." Saboda haka babu hoto, babu suna, ba zan kuma faɗi asibitin ba. Manyan asibitocin koyarwa na Legas biyu ne, LUTH a Idi-Araba inda aka buɗe cibiyar kansa a 2019, da LASUTH a Ikeja; a ɗayansu take.

Mu uku ke riƙe da asusun: na'ibin limamin masallacinmu, malamar Islamiyyar matan aure, da ni. Kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa hannu. Kowane rasit za a nuna shi.

Juma'a, 17 ga Janairu

Liman ya yi sanarwa bayan sallama, ya ce wata baiwar Allah ce daga cikinmu. Aka shimfiɗa rawani biyu a ƙofofi. Mun ƙirga a kan tabarma a gaban mutum shida: N143,500. Yawanci 'yan ɗari biyu-biyu ne da ɗari biyar, wasu sun jiƙe da gumi har sai da muka jera su a rana. Wani ɗan ga-ruwa da ke kawo wa Yaya jarka huɗu kullum asuba ya gane ko wace ce ba tare da an gaya masa ba. Ya ja ni gefe ya juye aljihunsa, N700, ya ce cinikin safiyar ke nan, in gaishe ta. Na rubuta shi a littafi kamar yadda na rubuta na mai dubu ashirin.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mako biyu muna zagaye. Mun je Mil 12 wajen 'yan tumatir da tattasai da 'yan albasa, shugabanninsu suka sa aka zaga da kwando rumfa-rumfa. Mun je Alaba Rago, mun je mayankar Oko-Oba. Saƙon da muka tura a WhatsApp ya kai har wajen 'yan garinmu da ke Fatakwal da Abuja. Jimilla zuwa daren nan: N1,186,000. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raba ku da kwanan asibiti.

Sakamakon gwaji na biyu a kan naman ya fito, wanda ke nuna irin sankarar. Tata mai jin sinadarin mata ce, wato daga baya za a ɗora ta a kan ƙwayar tamoxifen na shekaru biyar ko fiye. Abin da ake kira HER2 kuma, wani sinadari da ke sa sankara saurin girma, babu shi. Da akwai, da sai an ƙara da allurar trastuzumab ta tsawon shekara guda, kusan sau 18, kuma kuɗinta kaɗai ya fi ƙarfin duk abin da muka lissafa. Na'ibi da ya ji bayanin sai ya ɗaga hannu sama.

Akwai abin baƙin ciki. Wani ya kwafi saƙonmu, ya cire lambar asusun ya sa tasa, ya ƙara da hoton wata mata a gadon asibiti wadda ba mu san ta ba. Mutum uku sun tabbatar mana sun tura can. Mun kai ƙorafi banki. Daga yau duk sanarwa da muryar na'ibi za ta fito, kuma duk saƙon da kuka ga hoto a ciki ba namu ba ne.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kemo na farko, ya kuma faɗo a ranar yaƙi da cutar kansa ta duniya. Mun hau jirgin ƙasan safe a tashar Agege, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban bara, ya raba mu da cunkoson titi. An riga an yi mata hoton zuciya, saboda ɗaya daga cikin magungunan, doxorubicin, yana iya taɓa zuciya. Shi ne jan nan. Nas ta zauna a kan kujera kusa da ita tana tura shi a jijiya sannu a hankali, idonta a kan bayan hannun Yaya, tana tambayarta ko tana jin zafi, domin in ya zuba waje da jijiya yana cin nama. Launinsa kamar zoɓon da aka tsinka. Ta gargaɗe mu fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, kada mu ɗauka jini ne. Yaya ta riƙe carbi a ɗaya hannun, ba ta kalli sirinjin ba ko sau ɗaya. A gadon da ke kusa akwai wata dattijuwa Bayarabiya da ke kan na shida, ta miƙo mata alawar citta ta ce ta tsotsa saboda tashin zuciya.

Magani, gwajin jini, maganin amai da kuɗin hanya: N196,000. Saura N990,000.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Jiya aka yi na biyu, N188,000. Gashin ya fara zuba a mako na uku kamar yadda aka faɗa mana. Ranar da ta tsefe kitso ya biyo hannunta, ta kira malama ta aske sauran a ɗaka, ta ɗaura kallabi ta fito ta ɗora wa yara tuwo. Suyar waina ta tsaya, ƙamshin mai yana tayar mata da zuciya.

Abin da ya shigo cikin makon ukun nan duka N38,000 ne. Ban ga laifin kowa ba, wanda ya bayar a Janairu ya sauke nauyin da ya ji, kuma ga halin da ake ciki tun cire tallafin mai a 2023. Amma na fara tsorata. Jama'a sun ɗauka an tara an gama, alhali ciwon nan kowane kwana 21 yake miƙo hannu. Saura N840,000.

Alhamis, 20 ga Maris

Ashirin ga azumi. Yaya ta so ta ɗauka, likita ya ce jikin da ke karɓar kemo yana bukatar ruwa sosai. Liman ya zo gida da kansa ya karanta mata ayar Baƙara da ta ba mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, ya ce karɓar sauƙin Allah shi ma biyayya ce. Ta yi kuka, ta haƙura.

Mutane sun yi ta tambaya ko zakka ta halatta a nan. Liman ya amsa a wajen tafsiri da aya ta 60 a Suratut Tauba, wadda ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, daga ciki har da faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne, ya ce gidan nan sun shiga. Sharaɗin da ya gindaya shi ne a damƙa wa mai ita, ta mallaka, sannan ita ta sa a asusun da kanta. Haka aka yi. Wani Alhaji dillalin shanu ya kawo N600,000, ya roƙe ni kada in ambaci ko garinsu. Wasu mutum tara suka haɗa N310,000. Na uku ranar Talata ya ci N201,000. Saura N1,549,000. Likita ya auna ƙullutun ya ce ya fara laushi.

Inna ta bugo daga gida, ta ce a mayar mata da 'yarta, akwai mai maganin daji a ƙauyen kawunmu. Na ce, "Inna, ki yi mana haƙuri, ki bi mu da addu'a, an riga an fara kuma ana ganin sauƙi." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya yi mana albarka. Ban taɓa ƙin bin maganarta ba sai wannan karon, kuma na kwana ina jin nauyinsa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Jiya muka dawo gida bayan kwana biyar a asibiti. Ranar sallah, Lahadi, ɗakin Yaya ya cika da 'yan barka da sallah da 'yan dubiya, har da yara masu mura. Kwana goma sha biyu ke nan da kemo, daidai lokacin da sojojin jini suke ƙasa ƙwarai. Cikin dare jikinta ya ɗau rawa, ma'aunin zafi ya nuna 38.9. An ja mana kunne tun farko cewa in ya kai 38 kada a ba ta farasitamol a kwanta, a taho ko ƙarfe nawa ne. Wani maƙwabci mai Keke Marwa ya kai mu bakin titi, muka sami mota.

An ɗaura mata magani ta jijiya, an yi mata allurar tayar da sojojin jini, an ƙara mata jini leda biyu. Samari biyar daga majalisar mai shayi suka zo bayarwa da safe, ko karyawa ba su yi ba, sai da nas ta kora su su ci abinci tukuna. An ɗauki na biyu daga cikinsu.

Ina roƙon 'yan uwa don Allah: dubiya lada ce, amma a wannan ciwon a yi ta ta waya. Wanda ya zo ya tsaya daga ƙofa, kada ya ji haushi.

Kwanciyar ta ci N274,000 da ba ta cikin lissafi. Goron sallah da aka turo N62,000. Saura N1,337,000. An ɗaga kemo na huɗu daga 8 zuwa 15 ga wata.

Juma'a, 18 ga Afrilu

An yi na huɗu ranar Talata, N205,000. Saura N1,132,000. Rabin kemo ya wuce, amma rabin da ya rage ya fi tsada, don za a canza zuwa docetaxel, kowanne wajen N340,000. Ga tiyata, ga gashi. Abin da ke gabanmu ya kai miliyan huɗu. Azumi ya wuce, babu wata zakkar sai baɗi, kuma ba zan iya komawa Mil 12 da kwando duk bayan mako uku ba, fuska tana ƙarewa.

Mafitar daga Iya mai gidan da su Yaya ke haya ta fito. Tun Fabrairu ta yafe musu kuɗin haya na wata shida. Shekaranjiya ta same ni a tsakar gida ina ta buga lissafi, ta ce da Hausarta ta zaman Agege: ku ba ku da ajo ne? Ajo shi ne adashin Yarbawa, mai karɓa yana bi shago-shago kullum da kati yana sa alama. Ta ce mutum zai iya ba ka dubu ɗaya sau ashirin bai ji ba, amma dubu ashirin a tashi ɗaya sai ya ɓuya maka. Malama ta ce ai da yayyafi kogi kan cika, kuma matan Islamiyya sun fi kowa sanin adashi.

Yau bayan la'asar muka zauna muka tsara. Adashi ne wanda kwasarsa ta mutum ɗaya ce. Kowa ya faɗi abin da zai iya duk Juma'a, daga N500 zuwa N5,000, har a gama gashi. Wanda ya kasa wani makon ba bashi ba ne, ba kuma za a kira sunansa ba. Mutum 70 suka rubuta, alkawarin ya kama N96,000 a mako. Masu karɓa huɗu ne: malama a ɓangaren mata, mai shayi a bakin layi, wani mahauci a Oko-Oba, wani ɗan albasa a Mil 12. Kowanne da katinsa. Na'ibi kuma zai bi mana maganar asusun da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 don marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta prostate, wato kaluluwar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, amma ba mu sa shi a lissafi ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Na biyar ranar 6 ga wata, N338,000. Na shida jiya, N341,000. Adashi na mako biyar ya kawo N466,000. Saura N919,000. Bai rufe kuɗin kemo gaba ɗaya ba, amma karon farko ke nan tun Janairu da na san abin da zai shigo kafin ya shigo, na kuma je kantin magani ba tare da na kwana ina kiran mutane ba.

Sabon maganin ba ya sa amai kamar jan, sai dai ciwon ƙashi kwana uku zuwa huɗu, farcenta ya yi baƙi, yatsunta suna mata kamar ana tsira allura. Abinci duk ɗanɗanon ƙarfe yake mata, kunun tsamiya kaɗai ke shiga, sai miyar kuɓewa ɗanya. Babbar 'yarta mai shekara sha biyar ta karɓi tandar waina ranakun Asabar da Lahadi, Yaya na zaune daga nesa a kan kujera tana gaya mata lokacin juyawa.

Laraba, 18 ga Yuni

Mun roƙi fatun layya a sallar da aka yi ranar 6 ga wata, kamar yadda ake tarawa a Arewa. Na yi zaton za su yi yawa, sai na tarar a nan mutane da dama babbaka ragon suke yi, fatar sa kuma ganda ce, ci ake yi. Mun sami fatun raguna 31 da na shanu uku, mahautanmu suka sa gishiri suka sayar, N128,000. Adashi ya ɗan ja baya, N262,000, saboda masu tafiya gida sallah. Biyu daga cikinsu sun biya na mako uku kafin su hau mota. Na bakwai jiya, N346,000. Saura N963,000.

Wani ya tare ni ya ce ana raɗe-raɗin na sayi sabuwar waya da kuɗin asusu. Na kai littafin da rasitai masallaci na ajiye wajen ladan mako guda, duk mai so ya duba. Mutum huɗu suka duba, ɗaya ya gano na rubuta N2,500 na mota sau biyu ranar 15 ga Afrilu a shafin kashewa na hannuna. Gaskiyarsa ne, na mayar daga aljihuna a gabansa, na kuma roƙe shi ya riƙa duba mana littafin duk wata. Ya yarda.

Talata, 8 ga Yuli

Na takwas, na ƙarshe. N344,000, adashi N291,000, saura N910,000. Ƙullutun da ya kai ƙwan kaza a Janairu yanzu sai likita ya lalubo shi. Yaya ta tambaya, tunda ya ƙanƙance haka, ko za a bar tiyatar. Likita ya ce a'a, abin da hannu ba ya ji yana nan, kuma masu tsayawa a wannan gaɓar su ne ke dawowa da wanda ya fi na farko. An sa ranar 5 ga Agusta.

Lahadi, 10 ga Agusta

An yi tiyata ranar Talata, an cire nonon hagu da kaluluwar hammata. Daren da za a shiga maigidanta ya nemi wani ya riƙe masa gadi, ya zo ya zauna a bakin gadon. Na ji tana ce masa in yana son ƙarin aure ba za ta hana shi ba. Ya ce, "Maman yara, ki bar maganar nan, ke nake jira ki fito." Na bar musu ɗakin.

An sallamo ta jiya da robar da ke tsotse ruwa daga wajen aikin, kullum safe muna auna abin da ya taru mu rubuta a takarda. An ce kada a ƙara yi mata allura ko awon jini a hannun hagu, kuma an koya mata motsa shi: ta fuskanci bango, yatsunta su riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Ɗanta na biyu yana sa mata alama da gawayi inda ta kai. Inna ta iso ranar Alhamis a motar dare, ita ke yi mata wanka.

Tiyata da gado da magani da gwajin naman da aka cire: N875,000. Adashin mako biyar: N477,000. Jimillar abin da ya shigo tun Janairu N3,820,000, daga ciki N1,496,000 na adashi ne. An kashe N3,308,000. A asusu akwai N512,000.

Gashi zai fara in wajen tiyatar ya warke, likita ya ce mu shirya nan da mako shida, kullum Litinin zuwa Juma'a. Ƙiyasinmu N1,800,000 ban da kuɗin hanya, kuma ana biya kafin a fara. In adashi ya ci gaba yadda yake zai kawo wajen N570,000, giɓin zai kai N700,000. Mutum 64 ne ke zubi yanzu, shida sun koma gida noma. Muna neman ƙarin mutum talatin, wanda zai shiga ya ga malama ko mai shayi. Ranar Talata ni da na'ibi za mu koma Mil 12 da littafin a hannu, ranar Alhamis kuma a mayar da Yaya a duba robar.